Rediyon da ba ya ciwo sai an hau titi: kundin gyaran sautin babur ɗina

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Sati uku ke nan da na sa aka ɗaura wa babur ɗina rediyo, kuma yau na ga gara in fara rubuta abin da yake yi mini, don na fara mance wane gyara na gwada jiya, wanne na gwada shekaranjiya.

Babur ɗin Boxer ne mai kik. Kullum daga Kurna nake tashi bayan asuba, in miƙe titin Katsina, in wuce Dawanau, kafin a shiga Bichi in sauka daga kwalta in ɗauki burji zuwa ƙauyen da nake koyarwa. Kusan awa guda zuwa, awa guda dawowa, ba abokin hira sai iska. Shi ya sa na yi sha'awar abin da zai riƙa ba ni labarai da safe, da yamma kuma in saurari karatu. Abin kunne ba na son sa a kan babur. Yana toshe kunne, ga hular kwano, ga kuma masu ƙwacen waya da igiyar nan take yi wa nuni.

Abin da na sayo a Sabon Gari ƙaramin baƙin akwati ne, bai fi sabulun wanki girma ba. Yana kama FM, yana cin memori, yana da Bluetooth. Sai sifiku biyu kamar gwangwanin madara, an ɗaure su a gindin madubai. Wani yaro a ƙofar shagon ne ya haɗa mini, da haƙori yake feɗe waya, ya murɗe, ya naɗe da salatif. Minti ashirin ya gama. Muka kunna a tsaye, sauti raɗau.

A kan hanya kuwa abu uku yake yi. Na farko, da na murza totur sai wani kuka ya taso cikin sifika, siriri kamar na sauro, yana hawa da sauka tare da injin, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ƙyat-ƙyat-ƙyat. Na biyu, in na faɗa rami ko gargada sai ya ɗauke ɗif, bayan ɗan lokaci muryar matar nan da ke cikinsa ta yi sanarwarta da Turanci, ya koma farkon karatun. Jiya sau huɗu na ji farkon sura ɗaya tsakanin kwalta da makaranta. Na uku, in na shiga cunkoso na taka birki ko na danna hon, sai sautin ya shaƙe kamar an matse masa wuya.

Da na isa gida na kashe injin, duk ukun sai su ɓace.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na biya wajen makanikena. Ko sunkuyawa bai yi ba. "Malam, injinka lafiya lau yake, ji yadda yake sulo. Wannan ciwon rediyo ne, kai wa masu rediyo."

Na kwance akwatin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda tun muna yara muke ganinsa a rumfarsa cikin tsofaffin kaset. Ya jona shi da batirinsa a kan tebur, ya ƙure murya, ya ɗaga shi ya girgiza, ya ƙwanƙwasa da gindin sukudireba. Ko gezau.

"Ɗana, wannan ba abin da ya same shi. Wutar babur ɗinka ce ba ta da tsabta."

"To Baba, wa zan kai wa?"

Ya yi dariya ya ce in da mota ce sai ya ce in je wajen masu wayarin, amma su ma ba sa son ɓata lokaci a kan babur. Kowannensu dai gaskiya ya faɗa a ɓangarensa. Ciwon yana tsakanin sana'o'i biyu ne, kuma ba ya fitowa sai ana tafiya, su kuwa duka a tsaye suke duba abu. Kafin in tafi Baba ya ce in sayi mita, 'yar na'urar nan ta auna ƙarfin wuta. "Ba ta da tsada. Wuta ba a ganinta da ido, kada ka riƙa canka."

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na sayo mita, irin mai launin ɗorawa ɗin nan. Baba ya nuna mini inda zan juya ta in auna batir.

Na buɗe murfin gefe da safe kafin in tada injin: 11.8. Batir mai bolt 12 in yana da lafiya kuma a cike, wajen 12.6 ake gani. 11.8 kusan fanko ne. Na buga kik, a sulo mita ta nuna 12.1. Na ɗan murza totur, ta hau 13.9, wanda ya nuna caji yana shiga, domin tsakanin 13.5 da 14.5 ake so. Na koma sulo na danna hon tare da taka birki, sai ga lamba ta gangaro ƙasa da 10. A daidai lokacin rediyon ya shaƙe, a gabana, babur yana tsaye. Karo na farko ke nan da na kama ɗaya daga cikin ukun da hannuna.

Abin da ya ɓoye mini wannan tun tuni shi ne kik. Mai babur ɗin da ake tayarwa da maɓalli, ranar da batirinsa ya raunana ranar zai sani. Mu masu kik kuwa injin yana tashi abinsa, fitilar gaba tana ci daga injin, sai mutum ya shekara da mataccen batir yana cewa hon ɗinsa ne ya tsufa. In ana gudu, injin yana ba da wutar da ta ishi kowa. In an dawo sulo a cunkoso wutar ta ragu, batir ne ya kamata ya cike giɓin, nawa kuwa ba shi da abin bayarwa.

Na ciro shi. Ruwan gida biyu cikin shida ya ƙafe har farantan sun fito fili sun yi fari. Yaron da ke cajin batir ya ce a ƙara masa asid. Na ce a'a, ruwan batir tatacce za a zuba, don ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Na bar shi ya kwana a caji.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Bai riƙe ba. Da safe 12.4, da na dawo da yamma na danna hon ya sake zubewa. Na sayi sabo, amfiya 5, busasshe wanda ba a zuba wa ruwa. Litar fetur ta haura naira dubu, ga batir kuma. Maiɗakina ta tambaye ni ko rediyon nan haya zai riƙa ɗauko mana.

Na ratsa cunkoson Dawanau ina birki ina hon, sauti bai shaƙe ba. Saura biyu.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau na ba wa kukan nan yini guda, kuma yau ce ranar da na fi jin daɗin aikin.

Cikin satin na lura ashe ba ƙara ɗaya ba ce. Siririn kukan yana nan ko me nake saurare, memori ko Bluetooth ko FM. Shi kuwa ƙyat-ƙyat ɗin a FM kaɗai yake, kuma ya fi yawa in tashar ta yi nisa. A cikin gari Freedom a 99.5 tana danne shi, ba ka ji sai ka kasa kunne. Da an doshi Bichi sai ya fara cin maganar mai labarai.

Na faɗa wa Baba haka. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce yanzu na zo da magana. Ya ce ƙara hanya biyu take shiga rediyo, ko ta biyo wayar da ke kawo masa wuta, ko ta biyo iska ta shiga ta eriya. Kuma raba su ba wuya: a ba rediyon wutar da ba ta babur ba, a tada injin, a ji wacce za ta tafi, wacce za ta zauna.

Na dawo gida na cire batirin solarmu na ɗaki, na ajiye shi a ƙasa gefen babur. Na ɗora babur a ƙafarsa ta tsakiya, na cire wayoyin rediyo biyu daga jikinsa na jona da batirin sola. Na buga kik, na murza totur har maƙwabcina ya leƙo. Kukan sauron nan babu shi, ko alama. Na juya FM, na nemi tasha mai rauni: ƙyat-ƙyat yana nan daram, yana sauri in na murza, yana lafawa in na saki.

Ke nan kukan ta waya yake zuwa. Wutar da injin babur ke haifarwa mai kai-da-komo ce, sai ta bi ta rektifaya a miƙar da ita kafin ta shiga batir, kuma miƙarwar ba ta fita sumul, tana zuwa da tudu da kwari. Yawan tudun yana bin gudun injin, shi ya sa muryar kukan ke hawa da totur. Ƙyat-ƙyat kuma tartsatsin fulogi ne. Duk ƙyastawa ɗaya, dubban bolt ne ke tsallaka ɗan giɓin nan, wayar fulogi kuma ta zama kamar ƙaramar tashar watsa shiri, eriyata tana kamawa.

Na ɗaga tanki don in ga ta ina yaron nan ya bi da eriya. Ashe naɗe ta ya yi a jikin ƙarfe, tazarar yatsa biyu da kwayil, abin da ke tura wa fulogi wutar tartsatsi. Wato ya kai kunnen rediyon ya manna a bakin mai ihun.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na janye eriya daga ƙarƙashin tanki, na hau da ita ta jikin sandar madubin dama. Ƙarar ta ragu da kusan rabi.

Sauran rabin yana hular fulogi. Akwai hula mai ɗan abin rage tartsatsi a ciki, mai om dubu biyar, an yi ta ne musamman don wannan. Akwai kuma fulogin da ke zuwa da nasa a ciki, a na NGK shi ne mai harafin R a lambarsa. Na murɗe hulata daga waya na auna ta da mita daga baki zuwa baki: kusan sifili. Ƙarfe ne kawai miƙaƙƙe, ba komai a ciki. Na tuna bara da damina hular asali ta tsage, aka sa mini wannan a bakin hanya, ban ko tambaya ba.

A Ƙofar Ruwa na tafi da mitata a aljihu. Mai kayan ya zubo mini huluna a kan kanta, duk baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya, kowacce ya ce orijina ce. Na fara aunawa. Ta farko sifili, ta biyu sifili, ta uku 4.9, wato kusan om dubu biyar. Ya tsaya yana kallona.

"Oga, kai injiniya ne?"

"Malamin firamare ne."

Ya karɓi mitar ya auna sauran da kansa, ya ware masu lamba gefe guda. Ina jin daga yau kuɗinsu ya tashi.

Na ɗaura, na tafi har bayan Dawanau na dawo. Sai ka nemi ƙyat-ƙyat ɗin kafin ka ji shi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ranar waya. Na kwance fitilar gaba don in ga inda aka ɗebo wa rediyon wuta, abin da na gani kuwa ya isa. Jar wayar an feɗe ta an laƙa a jikin wayar da ke kai wa hon wuta, murɗi uku, salatif ɗin ya saki saboda zafi ya zama kamar danƙo. Ba fis ko ɗaya. Baƙar wayar kuma, ta nagetif, an maƙale ta a ƙarƙashin notin madubi, a kan fenti.

Wannan ta biyun ita ta fi ba ni haushi da na fahimce ta. A babur, ƙarfen jikinsa shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. To amma kan babur ba a haɗe yake da gangar jiki kai tsaye ba, yana juyawa ne a kan ƙananan boris da ke cikin wuya, su kuma cikin giris suke iyo. Ke nan duk wutar da rediyona ke sha sai ta ratsa fenti, ta ratsa giris, ta tsallaka ƙwallayen da ke motsi, kafin ta isa gida. A tsaye nauyin babur ya danne su, hanya ta samu. A kan gargada suna tsalle, hanya tana buɗewa tana rufewa.

Na sayo waya mai kauri, ja da baƙa, na ja su biyun tun daga kan batir, na bi da su ta gefen da ba kwayil, na ɗaure da robar ɗauri. Fis mai amfiya 5 na sa a jikin jar, tazarar taƙi ɗaya daga batir, don in waya ta goge a jikin ƙarfe a can gaba fis ɗin ya ƙone kafin tanki ya ji labari. Kukan ya ragu sosai tun daga nan, domin batir da kansa yana shanye yawancin tudu da kwarin, a bakinsa wuta ta fi kwanciya.

Ragowar kuma Baba ya ba ni abu biyu daga cikin tarkacensa: wani zobe da aka naɗe da jar waya ta tagulla, ya ciro shi daga tsohon rediyon mota, da kafasita, wani ɗan gwangwani mai ƙafa biyu da ke shanye tudu da kwarin wuta, mai lamba 4700, bolt 25. Zoben a jikin jar waya yake shiga, wuta ta ratsa ta cikinsa. Kafasitan kuma a gicciye, ƙafa ɗaya a ja, ɗaya a baƙa, ta ɓangaren rediyo. Ya ja mini kunne sau biyu: ƙafar da ke gefen farin zanen nan ita ce ta baƙa.

Magariba ta kawo jiki, ina sauri, ƙanena yana haska mini da waya. Na liƙa da dalma, na mayar da fis. Kamar ƙirga biyar shiru. Sai na ga kan kafasitan yana kumbura kamar ƙosai a mai, kafin in miƙa hannu sai fau! Wani farin hayaƙi mai wari kamar kifin da ya kwana, da tarkacen takarda kamar auduga har a gemuna. Ƙanena ya yar da wayar ya yi waje. Maiɗakina daga kicin tana salati.

Na juya ƙafafun ne. Allah ya taƙaita, ido bai samu ba, rediyon ma bai ji komai ba. Na koma wajen Baba bayan isha'i ina sunkuyar da kai. Bai ce uffan ba, ya buɗe gwangwani ya miƙo mini wani, sai da na juya zan tafi ya ce, "Farin zane, baƙar waya. Ko in rubuta maka a allo, Malam?"

Na biyun ya zauna daidai. Kuka ya mutu.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Ana murna an rabu da Bukar, ashe an haifi Habu. Da safe na danna hon, sai wani gurnani kamar na tsohon rago. Sabon batir, 11.5.

Laifina ne. Da rediyon yana bayan makulli, in an kashe babur ya mutu. Yanzu da na kai shi kan batir kai tsaye, ranar Asabar na rage murya kawai na shige ɗaki, ya kwana biyu a kunne yana neman wayar hannun da zai kama ta Bluetooth. Na auna abin da yake sha a haka, wajen miliamfiya 150. Batir mai amfiya 5, in ka raba, awa talatin da 'yan kai ne ya ƙare. Daga daren Asabar zuwa asubar Litinin kuwa ai awa talatin da 'yan kai ɗin ke nan.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Na sa rile irin na mota, mai ƙafa huɗu, wato makunnin da wuta ce ke kunna shi ba hannu ba. Lambobin suna rubuce a gindinsa: 30 daga batir ta bayan fis, 87 zuwa rediyo, 85 da 86 kuma su ne 'yan aike, ɗaya a nagetif, ɗaya a wayar da ke samun wuta in an murɗa makulli. Yanzu in na kunna sai in ji ƙas a ƙarƙashin sit, rediyo ya farka. In na zare makulli komai ya mutu. Wutar daga batir take zuwa, makulli umarni kawai yake bayarwa.

Laraba, 4 ga Disamba

Ɗaukewar nan ba ta tafi ba. Ta ragu ƙwarai, daga sau biyar ko shida a rana zuwa ɗaya ko biyu, amma tana nan, kuma yanzu kamanninta sun sauya. Da, akwatin gaba ɗaya ke mutuwa, matar ta yi sanarwa. Yanzu ba sanarwa, karatu yana ci gaba, sifikar hagu ce kawai take yin shiru ta dawo.

Na zargi memori, na cusa 'yar takarda a raminsa don ya matse. Ba shi ba ne, ko a FM ma tana yi. Na zargi sifikar, na musanya ta da ta dama. Shirun ya zauna a hagu. Ke nan ba sifika ba ce, hanyar zuwa gare ta ce.

Tun Litinin na sa ɗan kati a aljihun gaba, duk inda ta ɗauke sai in tsaya in rubuta wurin. Abokan aikina sun fara tsokanata wai na zama ma'aikacin ƙidaya. Ga abin da katin ya tara cikin kwana uku: fitowa daga layinmu, shiga gidan mai, sauka daga kwalta zuwa burji, kaucewa wani rami a gaban wata gona, juyawa a harabar makaranta. Ramukan da na faɗa a miƙe, ko ɗaya babu a ciki. Na zauna ina kallon katin a ofis, sai na ga abin da ya haɗa su. Duka wurare ne da nake karya kan babur sosai, a hankali, kuma duka zuwa dama.

Asabar, 7 ga Disamba

Na ɗora shi a ƙafar tsakiya, na kunna karatu, na riƙa juya kan a hankali. Hagu, lafiya. Tsakiya, lafiya. Dama har ƙarshe, sifikar hagu ta yi shiru. Na dawo da shi, ta dawo. Na yi haka ya fi sau goma ina dariya ni kaɗai. Wata guda da kwanaki ina cewa ciwon ba ya fitowa a tsaye, ashe ni ne ban taɓa juya kan ba in ina gwaji, kullum a miƙe nake barinsa.

Wayar sifikar hagu ta bi ta gefen wuya, an ɗaure ta tamau ba a bar mata sarari ba. Duk karyawa zuwa dama sai ta miƙe kamar tsirkiya. A ido lafiyarta ƙalau, ba yanka ba ƙuna. Na bi ta da yatsu ina ja kaɗan-kaɗan, sai na iso wani wuri daidai wuyan inda ta yi laushi, robar ta miƙe kamar cingam ta sirance. Na yanka wurin da reza. Silin tagullar da ke ciki duk sun karye, bakinsu ya yi baƙi, saura biyu rak, su ma taɓa juna kawai suke yi.

Ban yi faci ba, na sauya wayar gaba ɗaya, ta dama ma na sauya don tafiyarsu ɗaya. A wuyan na bar lanƙwasa mai yalwa, na zura su cikin guntun tiyo na mai don kada ƙarfe ya ci su, na juya kan ƙarshe zuwa ƙarshe na tabbatar ba inda suke ɗamewa. Duk mahaɗa da dalma na liƙe. Murɗi da salatif ba ya jure girgizar injin mai silinda ɗaya.

Lahadi, 8 ga Disamba

Bayan sauya wayoyin sai na ji muryar ta zama siririya, ba kauri, kamar mai magana ta hanci. Baba ya ce na juya ƙafar sifika ɗaya, ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, suna cinye juna. Ya nuna mini gwajinsu na da: ka ɗauki batirin tocila, ka taɓa wayoyin sifika da shi, ka kalli takardarta. In ta yo waje, wayar da ke taɓa ɓangaren batirin mai ɗan tsini ita ce fozitif. Na gwada, ta hagu ta yo waje, ta dama ta shige ciki. Na juya. Murya ta cika.

Talata, 10 ga Disamba

Bluetooth yana sarƙewa in wayar tana aljihun wando na baya ko cikin jakar da nake goyawa. A aljihun ƙirji ba ya yi. Siginar ba ta iya ratsa jikin mutum sosai, ni ne nake tsaya mata a hanya. Wannan ko sisi bai ci ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Akwai abin da ba mita ba dalma da zai gyara shi, wato iska. Har zuwa gudun 50 ina jin mai labarai kalma-kalma. Daga 60 sai in riƙa tsintar magana. A 70, da iskar hunturu tana bugo ni ta gaba, sai dai in san ana magana. In na ƙure murya kuma ba ƙaruwa take ba, fashewa take, sifiku su riƙa ɓarɓar.

A jikin kwalin an rubuta wat 500 da manyan haruffa. Baba ya ɗauki biro ya yi mini lissafi a bayan kwalin: ƙaramin amfilifaya irin wannan, da wutar bolt 14 da sifika mai om 4, in ya yi ƙoƙari ya ba da wajen wat 20 a kowane gefe. Na ƙara da nawa lissafin: fis ɗina amfiya 5 ne, sau 14 ya ba da 70, kuma bai taɓa ƙonewa ba. Sauran 430 ɗin suna jikin kwali.

Na so in nemi babban amfilifaya. Abin da ya faru ranar Alhamis ne ya sa na fasa. Ina dawowa, daidai Dawanau, lokacin kaka ne motocin hatsi sun cika hanya, na ƙure murya ina son in ji ƙarshen wani rahoto. Ban ji komai a bayana ba sai da inuwa ta rufe ni, na waiga na ga hancin tirela kusan a kafaɗata, yaron motar ya leƙo yana zagi yana nuna kunnensa. Ashe tun daga nesa yake hon. Na gangara gefe na tsaya, ƙafafuna suna rawa a kan ƙasa, mai rahoton yana ta bayaninsa.

Da na isa gida na samo jan farcen maiɗakina na ɗiga a jikin maɓallin murya, daidai inda nake iya jin injina da hon ɗin Adaidaita a bayana. Daga Kurna zuwa bayan Dawanau ba na wuce ɗigon. A burji, inda ba kowa sai amalanke da shanu, nakan ɗan ƙara.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

An koma makaranta. Kwana uku a jere, zuwa da dawowa, bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Batir da safe 12.6.

Sabon abu ɗaya ne ya ɓullo cikin hutu: sifikar dama ta fara ƙarar yashi in murya ta yi kauri. Na buɗe ragarta, na tarar ƙurar burji ta taru, a cikinta har da baƙin garin ƙarfe da maganaɗisun ya jawo ya tsaya cirko-cirko kamar gashi. Na share da tsohon buroshin haƙori, na ɗebe garin ƙarfen da salatif. Sannan na yanka tsohuwar safa mai shara-shara na sa wa kowace sifika kamar hula, na ɗaure da roba. Ba kyan gani, ɗalibaina sun ce babur ɗin Malam ya sa safa saboda sanyi.

Ƙyat-ƙyat ɗin yana ɗan leƙowa in na yi nisa cikin burji tashar ta raunana, a nan nakan koma memori. Akwatin kuma har yanzu a fili yake a gaban tanki, ramin memorinsa yana kallon sama. Kafin ruwan farko sai na nema masa gida. Na auna wata robar man shafawa da maiɗakina ta kusa gamawa da ita, ta shige daidai, saura in huda wa wayoyi ƙofa ta ƙasa. Ta ce sai ƙarshen wata man zai ƙare.